Mako Shida Ban da Gefen Dama

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yau aka sallamo ni. Kwana uku ke nan da yi mini aiki a kafaɗar dama. Rubutun nan da ƙyar nake yin sa: littafi a cinya, hannu cikin maratayi, yatsu kaɗai ke motsi. Ko ni nan gaba ban san ko zan iya karanta shi ba.

Kafin mu fito likita ya zaunar da ni. Ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta yage, ladan shekara ashirin da shida da na yi ina hawa tsani ina rataya labulen mutane. Wai ya same ta ta yi laushi, da ƙyar ya sami inda zai kama. Na ce, kamar yadin da rana ta ci? Ya ce daidai. To ai ba sai ya ƙara ba. Yadin da rana ta ci ɗinki ɗaya yake ɗauka, in ya ɓalle babu inda allura za ta sake kamawa.

Mako shida. Ban da ɗagawa, ban da miƙawa, ban da kwanciya a gefen dama ko na minti ɗaya. "Mama, in ta sake yagewa, hannun nan ba zai ƙara wuce nan ba." Ya nuna daidai ƙirjinsa. Mai ɗinkin labulen da hannunta ba ya wuce ƙirji, wa zai kira ta?

Maigidana Injiniya na tsaye a gefe, ya karkato kunnensa na hagu, wanda janareta bai kashe ba. Muna isowa gida na tarar shi da Auta sun kwashe kayana zuwa tsohon ɗakinta, wanda ta bari da ta yi aure. Filo biyar a kan gado. Ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ban rintsa ba. A jingine na kwana kamar mai jiran mota.

Asabar, 4 ga Oktoba

Auta ta zo da safe, ta ga idona, ta ce, "Mama, ciwon ne?" Na ce shi ne. Rabin gaskiya.

Sauran rabin bari in ajiye shi a nan, tunda takarda ba ta kai tsegumi. Babanta yana ɗauke numfashi cikin barci. Zai yi ta minshari, sai ɗif, kamar an kashe inji. Ƙirji ya tsaya. Shekara tara ke nan ina kwana a gefen dama ina fuskantarsa, tafin hannuna na dama a kan ƙirjinsa. In ya yi shiru sai in fara ƙirga a raina. In na kai goma sha biyar bai ja ba, in zungure shi. Ya yi wani irin gurnani, ya ja iska, ya ci gaba da barcinsa. Wani daren sau biyar, wani sau goma. Kira ba ya yi masa amfani, don a kan kunnen mai ji yake kwanciya, mataccen ne a sama.

Sau ɗaya na taɓa faɗa masa. A shekarar ne mahaifinsa ya kwanta lafiya lau, aka wayi gari babu shi. Ina faɗa fuskarsa ta canza, ya ce, "Kada ki ƙara yi mini wannan maganar." Mako guda yana wasa da abinci. Ban ƙara ba. Na mayar da bakina hannu.

Yanzu hannun na cikin maratayi, ni kuma ina bayan bango.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ranar farko wurin gashin ƙashi a asibiti. Auta ta kai ni. Ɗaki ne dogo, gadaje huɗu da labule a tsakaninsu, labulen kuma an yi masa ƙugiya nesa-nesa har ya yi ciki. Na daure ban ce komai ba.

Mai Gashi yarinya ce siririya, sa'ar Auta, amma in ta yi magana sai ka ce shugabar makaranta. Ta ce daga yau zan iya gwada gefen hagu, amma da ƙa'ida. Ta kwantar da ni ta jera mini. Filo mai tauri a ƙarƙashin kai, ya cike tsakanin kunne da katifa don wuya kada ya lanƙwashe. Wani in rungume shi, hannun da aka yi wa aiki ya hau kansa, gwiwar hannu kusa da jiki, kada ya zubo gaba ya ja ɗinkin. Wani tsakanin gwiwoyi. Na ƙarshe dogo, a cusa shi a bayana sosai ya tare ni in na so juyawa.

Wallahi da ta gama, sai na ji kafaɗar ta yi shiru, karo na farko tun da na farfaɗo. Har ƙwalla ta zo mini. Ta ce, "Mama, a wane gefe kika saba kwanciya?" Na ce dama. Ta ɗan tsuke baki. Wai masu dama su ne ke ba ta wahala, jiki yana komawa gidansa ba tare da ya yi sallama da mai shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Gadon Auta a jikin bangon ɗakinmu yake. In na kwanta a hagu, bangon na bayana, minsharin na shigowa ta ƙeya. Da ya yi shiru sai in ji duk jikina na son juyawa wajensa, wato dama. Sau biyu filon baya ya tare ni.

Yau na sa Auta ta mayar da filolin wajen ƙafa, don in na kwanta a hagu in fuskanci bango. Ta ce don me? Na ce iskar taga. Ta dubi tagar, a rufe take tun bara.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Fuskantar bango ya fi muni. Ina jin komai, ba na iya komai.

Jiya na ƙirga har ashirin da takwas. Ban san lokacin da na ture filo na sauko ba. Na isa ƙofarsa ke nan ya ja numfashi da kansa, ya buɗe ido ya gan ni tsaye a kansa.

"Tela, lafiya?"

Na ce almakashina nake nema.

"Ƙarfe biyun dare?"

Ya tashi ya rako ni har gado, ya mayar da filolin ɗaya bayan ɗaya. Ashe ya haddace jerin, daga bayanin Auta kawai. Ya cusa na baya da ƙarfi kamar yana sa wa mota waigi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ce masa zan koma ɗakinmu. Na yi ta kawo dalilai, katifar Auta ta yi taushi, akwai sauro, ɗakin na warin rufi. Yana cin abinci bai ɗago ba. "Ba za ki kwana a can ba sai likita ya ce." Na ce likita bai hana ɗaki ba, gefe ya hana. Ya juyo mini mataccen kunnen. Haka yake yi in ya gama magana, shekara talatin da ɗaya, kuma har yau yana ba ni haushi kamar ranar farko.

Abin da ya zo mini a rai ba mai kyau ba ne. Ko dai ya ɗanɗana gado shi kaɗai ya ji daɗi? Ba mai ja masa bargo, ba mai zungurarsa. Na san shirme ne. Amma na yi kuka a banɗaki, famfo a buɗe.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ya dawo daga aiki da ƙuna a bayan hannu, doguwa. Wai salansar janareta ce. Mutumin da ya shekara arba'in a kan inji bai taɓa ƙonewa irin haka ba. Da yamma kuma barci ya ɗauke shi a kujera da kofin shayi a hannu, sai da ya zube masa a wando.

Ba ya samun barci. Ko kuma yana samu, irin wanda ba shi da amfani.

Talata, 14 ga Oktoba

Na matsa wa Auta ta biya da ni shago. Gajeriya, abokiyar aikina, ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Teburin yanka a share, yadudduka a jere, keke ya sha mai. Amma labulen zauren makarantar nan, taga goma sha huɗu, yana ninke a kan kanta tun kafin a kwantar da ni. Ta gama ɗinkin, ratayawa ta gagara. Gajeriya in ta hau mataki na uku na tsani jiri take ji. Ta ce sun yi waya sau biyu, ta ce musu mai rataya labule na jinya.

Tsanina na jingine bayan ƙofa, da ɗigon shuɗin fentin nan a mataki na biyar, inda nake tsayawa. Na kama shi da hagu na ɗan girgiza, ban san dalili ba. Gajeriya ta ce, "Yaya, ba ya gudu, zai jira ki." Na ce in hannun ya jira ni.

Da za mu fito na ɗauki babban kwarkwaron zare guda, na jefa a jaka. Wata dabara ce ta zo mini.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na ɗinka aljihu a gefen dama na rigar barcina, daidai haƙarƙari. Da hagu na yi, yadi a cije da haƙori, ɗinkin ko 'yar koyo ba za ta yarda nata ba ne. Na cusa kwarkwaron a ciki. In na juya dama zai soke ni in farka kafin nauyi ya hau kafaɗa. Na gwada a hankali a jikin bango, yana da zafi sosai.

In ya yi barci zan lallaɓa in kwanta a wurina, rigingine, in saurare shi daga kusa. In ya ɗauke, in miƙa hagu. Kafin asuba in dawo. Ba wanda zai sani.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Innalillahi.

Ban je gashi ba, na ce wa Auta kaina ke ciwo.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Bari in rubuta, ko zuciyata ta rage gudu.

Na shiga kamar yadda na shirya. Na kwanta rigingine a wurina, ƙanshin filona, ƙarar fankar nan mai kukan tsuntsu. Sau biyu ya ɗauke, sau biyu na miƙa hagu na taɓa shi. Sai daɗi ya kama ni. Kwana goma sha uku ban yi barcin kirki ba. Ban san lokacin da na tafi ba.

Zafi ne ya tashe ni, irin wanda ke hana ihu. Ina kwance a gefen dama, duk nauyina a kan kafaɗar. Hannun ya fito daga maratayi, ban san yadda aka yi ba, yana kan ƙirjinsa inda ya saba. Kwarkwaron yana ƙasa wajen takalma. Da hannuna na cire shi cikin barci na yar, aljihun ma a yage.

Da na yunƙura na ji wani abu ya yi "tsat" a ciki. Ko na ji, ko tsoro ne ya ji mini, ban sani ba. Na tallabi gwiwar hannun na fita a hankali. Bai motsa ba.

Kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi kamar dutsen guga. Na sa ƙanƙara a ɓoye. Duk wanda ya shigo sai in ja mayafi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ina ta gwada ɗaga yatsu, ina ta tuna inda likita ya nuna a ƙirjinsa. Allah ka rufa mini asiri.

Injiniya ya ajiye mini kwarkwaron a kan tebur kusa da kofina.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mai Gashi ba ta ko taɓa ni ba ta gane. Ta zare mayafin, ta duba, ta ce wa Auta ta je ta sayo ruwa. Da ƙofa ta rufe ta ce, "Mama, kin kwanta a kai." Ba tambaya ba ce.

Na fara kame-kame, filo ya zame, katifa. Ta ce filo huɗu ba sa zamewa tare. "Me ya kai ki dama?"

Ban san me ya same ni ba. Abin da na riƙe shekara tara, wanda ko 'yar'uwata ban faɗa wa ba, na zazzage wa yarinyar da ban san sunan mahaifinta ba. Ƙirgar, zungurar, bangon, kwarkwaron. Wajen kwarkwaron ta kusa dariya, ta danne.

Ta ce abin da ke damunsa sananne ne, hanyar iska ce ke rufewa in jiki ya saki cikin barci. Yana wahalar da zuciya, yana sa barcin rana, mutum ya ji rauni a wurin aiki. Na tuna ƙunar. Ta ce akwai gwaji, akwai magani. "Mama, shekara tara kina aikin da na'ura ke yi. Ke kuma yaushe kike barci?" Na ce ina yi tsakani.

Ta rubuta a yi mini hoton kafaɗa ranar Alhamis, sakamako sai Litinin wurin likita. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce kuma in ban gaya wa maigidan ba, ko ɗinkin ya tsira wannan karon, zan sake komawa. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta har gida.

Talata, 21 ga Oktoba

Sau uku na buɗe baki. Sau uku na tambaye shi ko zai ƙara shayi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na faɗa. Bayan la'asar, yana zaune a dakalin bayan gida yana wanke wani ƙarfe cikin kwano. Na zagaya na zauna ta hagunsa don kada ya sami mafaka. Na ce gobe za a yi mini hoto, don na kwanta a kan kafaɗar, a gadonmu, kuma ya san dalili ko bai sani ba zan faɗa. Na faɗa duka. Ina jiran "kada ki ƙara".

Ya daɗe yana goge ƙarfen da ya riga ya bushe. Sai ya ce, "Tela, mutum ne za a yi shekara tara ana dukansa a ƙirji bai sani ba?"

Ashe yana ji. Ba kullum ba, amma sau da yawa yana farkawa da hannuna, ya yi lamo. Wai in ya nuna ya sani, zan ce asibiti, shi kuma in ya je za su gaya masa abin da ya kashe Baba yana jikinsa. Ranar da likita ya ce ban da gefen dama, shi abin da ya fara zuwa masa ke nan: matar nan ko ɗaure ta aka yi sai ta juyo. Shi ya sa ya kwashe ni zuwa ɗakin Auta. Tun ranar kuma tsoron rufe ido yake, yana farkawa a shaƙe, ya lalubi ƙirjinsa ba kowa.

"Wancan daren na farka na ga kina fita kina riƙe da hannu. Na kasa kiranki. Ni na ja miki."

Ban taɓa ganin ya share ido da bayan hannu ba sai yau, da hannun mai ƙunar ma. Na ce in yana so in yafe masa, ya je a gwada shi. Ya ce in ina so ya je, in daina yawon dare. Muka tsaya a haka.

Da dare ya kira ni ɗakinmu. Ya kwashe filolina ya jera su a gefensa, na bakin ƙofa, wanda yake cewa nan ne wurin namiji tun muna amarya da ango. Ya koma nawa. Yanzu in na kwanta a hagu shi nake fuskanta. Shi kuma a hagunsa yake kwanciya kamar kullum, don haka baya ya ba ni. Filon runguma na tsakaninmu, hannuna a kai, goshina kusa da bayansa. Ya ce, "In na ɗauke, ki yi da gwiwa. Amma a hankali, ba ƙwallo ba ce."

Na juya kan gado a ɗakin Auta, na ɗinka aljihu da haƙori, amma ban taɓa tunanin gadonmu na da gefe biyu ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Hoto. Minti talatin cikin wani bututu mai ƙara. Na yi ta salati. Mai ɗaukar hoton fuskarsa ba ta faɗa mini komai ba, duk da na ƙura mata ido.

Gwiwa sau shida jiya. Ban juya ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Gobe. Na kasa cin abinci. Gajeriya ta yi waya, makaranta sun ce za su jira har ƙarshen wata mai zuwa, bayan nan za su nemi wani ya rataya. Na ce to.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ya riƙe. Alhamdu lillahi, ya riƙe.

Likita ya juyo mana allon ya nuna wasu farare-farare, ban gane komai ba sai da ya ce ɗinkin na nan. Gefe ɗaya ya ja, akwai kumburi, amma bai ɓalle ba. Ya ƙara mini mako biyu a maratayi. "Wannan karon kin tsira, Mama. Ba ni da na biyu da zan ba ki." Na ce na ji.

Muna fitowa Injiniya ya tsaya a baranda, ya gyara hula, ya ce wa Auta, "Ina ne wajen masu minsharin?" Auta ta dube ni, ta dube shi. A mota ta yi mana faɗa tun daga ƙofar asibiti har gida, wai mu biyu mun fi jikokinmu rashin ji.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Jiya ya kwana a asibiti, an manna masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa. Ya tafi da filonsa a hammata kamar ɗan makarantar kwana. Ni kaɗai a gado, filo huɗu, ba abin ƙirgawa. Duk da haka na ƙirga.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sakamakonsa ya fito. Likitar da ta gwada shi ta ce yana ɗauke numfashi sau arba'in da ɗaya. Na ce a dare? Ta ce a awa ɗaya.

A awa ɗaya. Ni da nake cewa biyar, goma in dare ya yi muni. Ashe ɗaruruwa ne suke wucewa ina barci, ko ina tsammanin juyi ya yi. Duk waɗannan ba ni na tashe shi ba. Allah ne ya riƙe shi, jikinsa na ta fama shi kaɗai, ni kuwa ina can ina ji da kaina wai ni ce mai gadi.

Ban san me nake ji ba. Kunya, ina jin. Da wani abu kamar an ƙwace mini aiki. Na kusa ba da hannuna a kan goma cikin ɗari uku.

Na faɗa masa haka a mota. Ya ce, "Goman nan su na sani."

Asabar, 8 ga Nuwamba

An ba shi na'urar. Ƙaramar akwati ce da tiyo da abin rufe hanci, tana tura masa iska. Kafin ya yarda ya sa sai da ya juya ta ciki da bai, ya buɗe wajen matatar iska, ya ce wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin ƙura ba. Ya haɗa mata batir da kansa saboda ɗaukewar wuta. Da ya sa a fuska Auta ta yi dariya har da zama a ƙasa. Ya ce janareta ya kashe masa kunne, bari ya ga me wannan zai kashe.

Ba minshari. Sai wani sassanyan huci, shiga, fita. Shirun ya hana ni barci. Gwiwata a ɗane har asuba, ba ta sami aiki ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Har yanzu ina farkawa sau uku, sau huɗu, in kasa kunne. Ban yarda da akwatin nan ba. Ba ta san shi ba.

Mai Gashi ta ce kumburin ya sauka. Ta sa na sunkuya na bar hannun yana lilo. Na tambaye ta tsani, ta ce in tambaye ta bayan wata biyu. Na ce wa Gajeriya ta nemi mijin ƙanwarta ya rataya na makarantar, ni zan tsaya a ƙasa ina nuna masa. Da bakina na faɗa, ban mutu ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ba wani abin rubutawa sosai. Na makara yau. Da na buɗe ido rana ta riga ta shigo ta ƙasan labule, filo huɗu kowanne na inda aka sa shi, hannuna na kan nasa. Sallar asuba sai ramawa na yi.

Na same shi a falo yana shan shayi, yana ta kallona ta saman kofi. Na ce me ya sa bai tashe ni ba? Ya ce ya zo tashina. Wai ya tsaya a kaina ya ga ko motsi ba na yi, bai taɓa ganina haka ba, sai gabansa ya faɗi. Ya sa tafin hannu a bayana yana ƙirga. Ya kai huɗu ya ji na ja numfashi, sai ya ja mini bargo ya fita.

Na ce maganin ciwon ne, yana sa nauyin barci.

Ya ce haka ne.

Kwalbar na cikin durowa, kwana tara ban buɗe ta ba. Shi ya ajiye ta can da hannunsa.